Fari Ba Ɗaya Ba Ne

A shagon Ladan, bayan PZ,
inda janareta ke tari kamar tsoho da asuba,
allunan kwamfuta goma sha bakwai suka iso daga Ikko
cikin kwalaye masu warin jirgin ruwa.
Na jera su a benci, na ba su wuta,
na buɗe wa kowanne farin shafi.

Ladan ya ce: kashe ƙwai, ja labule.
Ido ba ya faɗin gaskiya in rana na yi masa raɗa.

Sai ga fari iri goma sha bakwai.
Wannan nono ne da ya kwana a ƙwarya,
wancan alli,
na uku ya karkata kore, ruwan Kubanni a ƙarshen damina.
Na tara kuwa ja-ja yake ta kusurwar hagu,
idon wanda ya yi kuka ya wanke fuska
yana cewa ba komai.

Launi uku ne kacal a gidan nan, in ji Ladan,
ja, kore, shuɗi,
duwatsun murhu:
ɗaya ya ɗaga kai, tukunya ta karkace.
Ya rage ja da maki biyu, ya matsa baya, ya runtse ido.
Wasu sukan ji magana.
Wasu ciwon daga masana'anta suka taho da shi,
wani can ya buga musu hatimi yana hamma.

Muka juya baƙin shafi.
Nan haske ke yoyo ta gefe kamar rufin kwano,
nan ɗigo ɗaya matacce, ƙwayar gero,
ba ya kunnuwa, ba ya mutuwa.
Ladan na zana alli a bayansu:
layi ɗaya, lafiyayye;
layi biyu, a faɗa wa mai saye.

Ya tafi azahar, ya bar ni da mabuɗi.

Sai ga Turai daga ɗakin gwajin jini a Shika,
farar riga a naɗe cikin jaka.
Hannuna ya riga ni zuwa kan na tara,
shi ne mai sheƙi, shi ne mai la'ada,
babban yatsana na goge layi na biyu a ɓoye.

Ba ta tambayi kuɗi ba.
Ta ce: farinsa fari ne?
Ƙwayar zazzaɓi zobe ce, siririya, shuɗi-shuɗi,
kwance cikin jini mai ruwan hoda.
In allonka ya ƙara ja ko kaɗan
zan sallami yaro in ce lafiyarsa lau.

Allin na nan a yatsana, yana ƙaiƙayi.

Na sauko mata da na huɗu,
mai tsage a gindi, mai tabon sitika a goshi,
mummuna, amma ba ya ƙari, ba ya ragi.
Ta ɗora farar takarda kusa da shi,
ta daɗe tana kallo.
Ɗan acaɓa ya ɗaure mata shi da roba.

Ladan ya dawo, ya ƙirga kuɗi, ya ƙirga benci,
ya juya na tara, ya ga layi da rabi.
Bai ce uffan ba.
Alli ya miƙo mini.

Na tara yana gidan ƙwallo a Tudun Wada yanzu,
an faɗa musu, sun rage dubu uku,
ciyawar filin ta ɗan yi ja, babu mai ƙorafi.

Ni ne dai ban warke ba.
Ina ganin rawaya a bangon masallaci,
kore a haƙorin fitilar titi,
wata ya fito ta bayan Kufena, yatsana na neman madanni.

A gida na tarar da Inna tsugune gaban baho,
tana ɗiga bula a ruwan ɗauraya,
ɗigo, ta motsa, ta ɗaga rigar Baba sama,
ta matsa baya, ta runtse ido,
ta ƙara ɗigo ɗaya.